Wanda bai ji kira ba da wanda ya ƙi amsawa

Ranar 10 ga Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a Abuja ta rushe hukuncin da Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke ranar 15 ga Yulin 2024 a rikicin masarautu. Hukuncin na farko, wanda Mai Shari'a Amina Adamu Aliyu ta yanke, ya haramta wa Alhaji Aminu Ado Bayero na Kano da sarakunan Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, waɗanda dokar watan Mayun 2024 ta sauke, su ci gaba da kiran kansu sarakuna. Mutanen Ƙaraye da Rogo sun bi shari'ar nan sau da ƙafa, domin sunan Sarkin Ƙaraye da aka sauke, Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu, yana cikin waɗanda ake ƙara. Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne dalilin rushewar. A wannan ƙarar alƙalan ba su taɓa batun wane ne sarki ba. Abin da Mai Shari'a Muhammad Mustapha ya bayyana a madadinsu shi ne, da lauyoyin Aminu Ado Bayero suka janye daga shari'ar, ya wajaba kotu ta aika masa da sanarwar ranar zama domin ya zo ya kare kansa ko ya nemo wasu lauyoyin. Tun da ba a yi haka ba, duk abin da aka gina bayan nan ya faɗi, aka mayar da ƙarar Kano domin a ba wani alƙali ya fara daga tushe.

Kafin wannan da wata tara an ga makamancinsa a fagen siyasa. A tsakiyar Afrilun 2024 Mai Shari'a Usman Malam Na'abba ya ba da umarnin wucin gadi, bayan ya saurari ɓangare ɗaya kawai, wanda ya tabbatar da dakatar da Dakta Abdullahi Umar Ganduje daga jam'iyyar APC a mazaɓarsa da ke Dawakin Tofa, alhali a lokacin shi ne shugabanta na ƙasa. Ba a cika mako guda ba, ranar 22 ga watan, alƙalin da kansa ya janye umarnin. Kowa da ɓangaren da yake so a waɗannan rigingimu, kuma ba su ne batuna ba. Batuna shi ne haƙƙin da waɗannan manya suka nema suka samu, ɗaya cikin kwanaki, ɗaya cikin watanni: kada hukunci ya zauna a kan mutum alhali ba a ba shi damar magana ba. Wannan haƙƙi sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa, kuma manomin Fulatan, a ƙasar Rogo, ya fi sarki da shugaban jam'iyya bukatarsa, domin abin da za a raba shi da shi a bayan idonsa sau da yawa shi ne duk abin da ya mallaka. Ra'ayina shi ne kotun da ta buɗe wa wanda bai ji kira ba ƙofa ta sauke nauyin da ke kanta, kuma matsalarmu a karkara ƙarancin wannan buɗewa ce, tare da sakacin da ake yi da sammaci tun farko.

A duba yadda rayuwa take a wannan yanki. Ƙaramar hukumar Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, mutum zai kwana a Kano ya ci kasuwa a ƙasar Zazzau, ya aurar da ’yarsa a ƙasar Katsina. Da an gama kaka an kai masara da dawa rumbu, magidanta da samari da yawa sukan tafi ci-rani, wasu Abuja, wasu Legas ko Fatakwal, ba za a sake ganinsu ba sai hadari ya fara haɗuwa. Makiyayi yakan kora shanunsa kudu da rani ya bar tsofaffi da yara a ruga. Wasu kuma suna bakin madatsar ruwan Challawa ko fadamu suna noman rani, daga asuba har faɗuwar rana ba a gida suke ba. A irin wannan wuri, kai sammaci hannun mai shi aiki ne na gaske. Masinjan kotu yakan dogara da mai ƙara wajen kuɗin mota, da shi kuma wajen nuna gida, wato mutumin da zai fi kowa cin ribar rashin zuwan abokin shari'arsa shi ne jagoran isar da kiran. Idan ba a sami mutum ba, doka ta yarda kotu ta ba da izinin a manna takardar a ƙofar gidan da aka san shi da shi na ƙarshe, ko a buga a jarida. A birni wannan yana iya isa. A ƙauyen da maigida ya yi wata huɗu ba ya nan, takarda kuma da Turanci take idan daga babbar kotu ta fito, manna ta a bango cika sharaɗi ne kawai, labari bai isa ko'ina ba. Haka mutum zai dawo da damina ya tarar gonar gadonsa an yi mata kunya da sunan wani, ko an kama shanun huɗarsa a kan bashin da ya riga ya biya rabinsa.

Dokar ƙasa ta raba wannan matsala gida biyu, kuma rabon yana da ma'ana. Gida na farko shi ne wanda sammaci bai same shi ba sam. A shari'ar kamfanin Skenconsult da Ukey a 1981, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa inda doka ta wajabta a isar wa mutum da takarda ba a isar ba, kotu ba ta da hurumin yanke masa komai, kuma abin da ta yanke ɗin tamkar ba a yi ba ne. Irin wannan mutum idan ya zo neman a jingine hukunci, haƙƙinsa yake karɓa, ba a tambayarsa ko yana da hujja mai ƙarfi kafin a buɗe masa. Gida na biyu shi ne wanda takarda ta same shi amma bai halarta ba. Shi kam sai ya roƙi kotu, ita kuma ta auna. Ma'aunin da alƙalai ke komawa gare shi har yau shi ne wanda Kotun Ƙoli ta shimfiɗa a 1982 a shari'ar Williams da ƙungiyar Hope Rising: mene ne uzurinsa na rashin zuwa, ya yi jinkirin da bai dace ba kafin ya nemi a buɗe, shin buɗewar za ta cutar da wanda ya ci shari'ar cutarwar da ba ta gyaruwa, shin kariyar da yake son gabatarwa tana da ƙafar tsayawa, sannan yaya halinsa ya kasance tun da aka fara shari'ar. Duk wanda ya dubi waɗannan tambayoyi zai ga ba a shirya su domin ɗan yaudara ya wuce ba.

Wasu na ɗauka wannan duk sarƙaƙiyar dokar Bature ce, alhali littattafan da alƙalanmu suka yi ƙarnoni suna hukunci da su sun riga ta zuwa wurin, sun ma fi ta tsantseni a wasu fuskoki. Asalin maganar yana cikin wasiyyar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Sayyidina Ali lokacin da ya aike shi Yaman, cewa kada ya yanke wa mai magana na farko hukunci har sai ya ji na biyun. Malaman Hanafiyya sun riƙe wannan da ƙarfi har suka hana hukunci a kan wanda ba ya nan in ba shi da wakili. Malikiyya, mazhabar da kotunan shari'ar Kano ke bi, sun halatta, domin kada haƙƙin mutane ya salwanta saboda wani ya yi nisa, amma sun kewaye halaccin da shinge. Shehu Halilu, a cikin Muhtasar ɗinsa na ƙarni na 14, ya kasa wanda ba ya nan kashi uku. Na kusa, kamar tafiyar kwana uku a hanya mai aminci, hukuncinsa hukuncin wanda ke gari ne: a aika masa ya zo ko ya wakilta, in ya ƙi a yanke masa. Na nesa ƙwarai ana yi masa hukunci, amma sai mai ƙara, bayan ya kawo shaidu, ya ƙara da rantsuwa cewa ba a biya shi ba, bai yafe ba, bai mayar da bashin kan wani ba. Dole kuma alƙali ya rubuta sunayen shaidun, domin in mai tafiya ya dawo ya sami damar sukarsu, in ba a rubuta ba hukuncin warwararre ne. Na tsakiya, kamar tafiyar kwana goma, ko kwana biyu in hanya akwai tsoro, ana yi masa hukunci a kan bashi da makamantansa, amma ba a raba shi da gida ko gona a bayan idonsa, sai a jira shi. Na nesa da na tsakiya duka hujjarsu a ajiye take har ranar da suka dawo.

Wannan keɓancewa da aka yi wa ƙasa abin lura ne ga duk wanda ya san abin da gona take a wurin mutumin Rogo. Kuɗi in an karɓa bisa kuskure ana iya mayarwa. Gona in ta fita daga hannu, aka sayar, aka gina, aka raba gado a kanta, dawo da ita sai an tayar da husumar da za ta kai jikoki. Sai kuma i'izari, tambayar ƙarshe da alƙali ke yi wa wanda hukunci zai faɗa a kansa ko yana da sauran hujja, wadda Ibn Asim na Andalus, wanda ya rasu a 1426, ya sanya a Tuhfatul Hukkam a matsayin abin da ke gabatar hukunci. Kotunan sama a Arewa sun sha rushe hukunce-hukuncen ƙananan kotuna saboda tsallake wannan tambaya kaɗai. In har rashin tambayar wanda ke tsaye a gaban alƙali yana ɓata hukunci, ina ga wanda bai ma san ana zaman ba? Kuma a wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari, wadda kowane ɗalibin alƙalanci ya sani, akwai gargaɗin cewa hukuncin jiya kada ya hana alƙali komawa ga gaskiya in ta bayyana masa yau. Saboda haka alƙalin da ya jingine hukuncinsa domin ya saurari wanda ya dawo daga tafiya, a kan turbar magabatansa yake, babu wani zubewar girma a ciki.

Akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Za su ce wa ya fi cin moriyar wannan ƙofa in ban da mai taurin bashi da ke ganin masinja ya zame ta bayan gida, ya bari a gama shari'a, sai ranar da aka zo kama kaya ya bayyana da lauya yana kukan ba a saurare shi ba? Za su kawo misalin da ya fi kowanne sosa zuciya: matar da mijinta ya tafi ci-rani shekara ta zagayo, ba aike ba waya, ta kai ƙara tana neman ci da sha ko a raba auren. In aka ce sai ya zo, yaushe za ta huta? Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi kamar babu irin waɗannan mazaje da masu taurin bashi bai yi adalci ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai amsar tana cikin rabon nan da aka ambata. Fiƙihu bai ce matar ta zauna har abada ba: alƙali yakan nemi ta tabbatar da auren da tafiyar da rashin abin da aka bar mata, ya ɗiba wa mijin wa'adi, ya rantsar da ita, sannan ya yanke. Shi kuwa wanda kira ya same shi ya yi kunnen uwar shegu, malamai sun ce a yanke masa a rufe masa ƙofar hujja, in ban da ’yan mas'aloli kamar nasaba da saki da waƙafi da jini waɗanda ba a rufe su. Dokar ƙasa ma ta ba alƙali ikon ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe bisa sharaɗin mai nema ya biya abokin shari'arsa abin da ya kashe. Ashe maganin mai zillewa yana nan, abin da ake bukata shi ne alƙali ya iya rarrabe shi da wanda bai ji ba. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai an san tabbas wa aka ba takarda, a ina, yaushe, a gaban wa. Inda wannan bayani ya yi rauni, mai gaskiya da maƙaryaci da kuka iri ɗaya za su zo, alƙali ya rasa abin kamawa.

Suka ta biyu ita ce dole shari'a ta sami ƙarshe, in ba haka ba babu wanda zai natsu da hukuncin da ke hannunsa, kuma akwai bayin Allah na uku, kamar wanda ya sayi gonar da kuɗinsa bai san hawa ba bai san sauka ba. Ni ma na yarda shari'a tana bukatar ƙarshe. Amma hukuncin da aka yanke ba a ji ɓangare ɗaya ba, ƙarshe yake kawowa a takarda, a gari kuwa farkon rigima ne, kuma dagatai da masu unguwanni su suka fi kowa sanin haka, domin a ƙofarsu ake kwana in an zo shuka. Hanyar kare mai saye ita ce a jinkirta zartarwa tun farko. Hukuncin bayan ido da ya shafi gona ko gida bai kamata a bari a sayar ko a miƙa a kansa ba sai an tabbatar labarin hukuncin kansa ya isa ga wanda aka yanke wa, an kuma ba shi wa'adi. Dokokin kotunan farar hula kan ba da ’yan kwanaki ne kawai na neman jingine irin wannan hukunci, ko da yake alƙali na da ikon ƙarawa. Ga mutumin da ke Fatakwal yana turin ruwa, adalci shi ne lissafin ya fara daga ranar da ya sani. Wanda kuma ya sani ya yi shiru damina ta wuce, wata ta zo, shi ya rufe wa kansa ƙofa.

Wasu za su ce ai ga ɗaukaka ƙara nan, wanda bai gamsu ba ya tafi sama. Masu faɗin haka ba su auna hanyar ba. Daga Fulatan zuwa birnin Kano tafiya ce ta sa'o'i, ga kuɗin kwafin shari'a, ga na lauya, ga ɗage zama bayan ɗage zama. Akwai ma wani rami da talaka bai san da shi ba: sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi da riƙon yara, saboda haka rigimar mallakar gona zalla Babbar Kotu ake kai ta, kuma an sha ganin ƙararrakin da aka yi shekaru ana bi suka rushe domin an shiga ƙofar da ba ita ba. Sarki zai iya jure wannan, yana da manyan lauyoyi. Manomi sau da yawa sai ya sayar da rabin abin da yake karewa kafin a kai ga sauraronsa. Shi ya sa ya fi sauƙi, ya fi arha, ya kuma fi kusa da adalci kotun da ta yanke hukuncin ita ce za ta buɗe shi, a garin da shaidu suke, a gaban mutanen da suka san iyakar gonar. Ya kamata rajistara ya iya karɓar wannan roƙo da baki, da Hausa ko Fulatanci, ya rubuta, ba sai an kawo takardar lauya ba.

Gyaran da ya fi muhimmanci dai a wurin sammaci yake, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ma'aunin nisa da malamai suka yi da kwanakin tafiya, manufarsa ita ce ko labari zai iya isa ga mutum ya kuma iya zuwa. A yau wanda ke Legas da waya a aljihu ya fi kusa da kotun Rogo a kan makiyayin da ke cikin dajin da babu sabis. Kotun Ƙoli ta riga ta amince, a shari'ar kamfanonin Compact Manifold da Pazan a 2019, cewa sanarwar ranar zama da aka aika ta saƙon waya ta wadatar. To me zai hana a wajabta wa mai ƙara ya kawo lambar wayar abokin shari'arsa ko ta wani ɗan'uwansa na jini, rajistara ya kira a gaban alƙali, a rubuta rana da lokaci da abin da aka amsa? Me zai hana duk sammacin da aka manna a bango ya zo da sa hannun mai unguwa ko dagaci, yana shaida cewa mutumin yana gari ko ya yi tafiya, in ya yi tafiya ina ya nufa? Masarautar Ƙaraye, wadda dokar Yulin 2024 ta mayar da ita da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni a kowane lungu, kuma babu wata hukuma da ta fi su sanin wa ke gida wa ya tafi. Dokar tarayya kan isar da takardun kotu ta tanadi aƙalla kwana 30 ga wanda aka kai wa sammacin babbar kotu a wata jiha, kuma hikimar wannan ta dace da yankin da ƙetare iyakar jiha abu ne na kullum, ko da a ƙananan kotuna ne. Sammaci ya zo da Hausa, da boko da ajami. Kuɗin motar masinja ya fito daga asusun kotu, ko mai ƙara ya biya a hannun rajistara da rasit, domin masinja ya daina zama baƙon ɓangare ɗaya. Hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha, Babbar Joji da Alƙalin Alƙalai suna da ikon fitar da irin waɗannan ƙa'idoji, kuma lokacin da ya fi dacewa su fara aiki shi ne kafin kaka mai zuwa, kafin motocin ’yan ci-rani su fara tashi daga tashoshin Rogo da Ƙaraye.